Tsohon Hoton Tabki da Shanun Buba

Dakoro, ranar Laraba bayan la'asar

Zuwa ga ɗiyata Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Yamai lafiya, ke da kayanki da duk wanda kuka shiga mota tare. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin baƙon gari, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki kwana da inda za ki yi aiki. Ina rubutu kina nan tsakar gida ke da innarki kuna ɗaure kaya, ina jin muryarku. Amma na roƙe ki kar ki buɗe ta sai kin isa, kin huta, kin yi salla.

Uwata, haka zan kira ki a nan kamar yadda na saba, tunda sunan mahaifiyata gare ki kuma bakina bai taɓa iya kama shi ba. Ba labarin gida zan ba ki ba, kin san shi duka. Ranar da kika faɗa mana aikin da ƙungiyar nan ta manoma ta ɗauke ki, kika ce ke za ki riƙe musu shafinsu na intanet, ki riƙa sa hotuna da bidiyo, ki jawo mutane su riƙa shiga, innarki ta ɗago ta dube ni, ni kuwa na dubi tabarma. Kin ɗauka gajiya ce. Ba gajiya ba ce. Akwai ƙaryar da na yi miki, kuma ba na son ki fara wannan aiki tana tsakaninmu.

Kin tuna lokacin da kika dawo hutu daga jami'a a Maradi kika tarar na rufe shafina, kika tambaye ni dalili, na ce idona ne ya fara rauni, ba na ganin ƙananan baƙaƙen waya. Har kika kama hannuna kika kai ni aka auna mini gilashi. Na zauna gaban mai aunawar ina karanta mishi harufa, wasu ina ganinsu sarai ina cewa ban gani ba. Idona lafiyarsa lau a lokacin. Ga abin da ya faru.

Ke kika buɗe mini shafin, shekarar da na aje aikin likitan dabbobi a sarwis na kiwo na gwamnati, kina ajin ƙarshe na lise, gab da shiga jami'a. Kin ga na rasa abin yi, ina zaune ƙofar gida daga safe, makiyaya na tsayawa suna tambayata abin da suka saba tambayata shekara talatin: nawa karsana ta yi ranar kasuwa, wace rijiya ta rufta, ina aka ji ciwon huhu ya ɓulla. Kika ce, Baba, maimakon ka faɗa wa mutum ɗaya ɗaya, ka sa shi wuri guda. Na fara rubutawa, sai muka ga waɗanda nake yi dominsu yawancinsu ba su karatu. Ke kika nuna mini yadda zan ɗauki muryata in liƙa ta ƙarƙashin rubutun. Nan abin ya kama. Ina faɗa da Hausa, in maimaita da gurgun Fillancina, minti biyu ko uku, mutum ya danna ɗan alamar nan ya kara a kunne. Mai waya ya aika wa mai waya adireshin, a bakin rijiya a saurara tare.

Ban taɓa yin abin da ya fi wannan amfani ba, har cikin shekarun da nake aikin gwamnati. Masu shiga ba su da yawa, amma kusan kowa na san shi, na san garkensa. Ki riƙe wannan tun yanzu: kafin ki sa komai, ki san wa kike yi wa. Ki kawo fuskarsa a ranki, da irin wayar da ke hannunsa, da inda zai tsaya ya buɗe. Ni na sani da farko, daga baya na manta da gangan.

Cikin waɗanda ba su fashin sauraro akwai Buba. Kin san shi, Bafillatanin nan dogo mai tabo a gira, wanda ke aje raƙuminsa bayan gidanmu ranar kasuwa. Tun ina saurayi a aiki nake yi wa shanun ubansa rigakafi, shi yana riƙe mini igiya. Dokotoro yake ce mini a lokacin, kamar sauran makiyaya. Ya sayar da rago ya sayi waya mai gilashi saboda muryata kawai, shi ya faɗa mini da bakinsa. Bai iya karanta harafi ko ɗaya ba, amma ya san inda zai danna.

Abin da ya fara ɓata ni wata ƴar lamba ce a gefen shafin, mai nuna mutum nawa suka shiga. Da farko ban ma kula da ita ba. Wata rana wani tsohon abokin aikina ya nuna mini shafin wani matashi a Maradi, wanda ba abin da yake sawa sai faɗan kasuwa da haɗarin mota, ya ce mini, dubi nasa, dubi naka. Na yi dariya a gabansa, amma na dawo gida da abin a ƙirji. Ni da na yi shekara talatin cikin daji, ƙaramin yaro ya fi ni masu sauraro. Daga ranar, ina sallame asuba hannuna na kan waya. Lambar ta hau, in ci tuwo da daɗi. Ta sauka, in yi wa innarki faɗa a kan gishiri.

Na koyi dabarun matashin nan kamar almajiri mai ƙwazo a gaban mugun malami. Na lura kan magana shi ke jan mutum, sai na daina rubuta "Farashin bisashe na wannan mako" na koma rubuta irin su "Abin da ya faru a kasuwar Dakoro yau ba a taɓa gani ba." Ka shiga, ka tarar bajimi ne ya tsinke igiya ya zubar wa mai fura ƙwarya. Mutane suka ƙaru, ba ƙarya. Amma baƙi ne, su leƙo su wuce, ba wanda ke dawowa ya tambaye ni maganin ƙaya a kofato. Shugabanki a wurin aiki, can biro, zai tambaye ki lambar nan, Uwata, wataƙila kowane mako, kuma aikinsa ne ya tambaya. Ki ba shi. Amma ke a ranki ki riƙa tambayar su wa suka dawo karo na biyu da na uku, kuma me suka zo nema. Kan maganar da za ki sa, ya zama abin da ke ciki ne ya faɗa, ba fiye ba. In abin ƙarami ne, ki bar shi ƙarami.

Sai na shiga sa bidiyo, dogaye, masu nauyi, yadda waya ta ɗauko su. Ni ina cikin gari, rezo, sabis ɗin waya, na kama mini, ban damu ba. Wata ranar kasuwa Buba ya zo ya zauna, ya sha ruwa, ya ce:

"Dokotoro, wani abu ya samu shafinka ne?"

Na ce, "Me ka gani?"

Ya ce, "Shekaranjiya na bar shanu na hau tudu neman rezo. Na danna, abin na ta juyawa, na ta juyawa, har inuwata ta koma gabas. Da ya buɗe, raƙuma biyu ne ke cizon juna. Kafin in kai ga muryarka, abin da na sa a wayar ya ƙare."

Dariya na yi. Na ce mishi zamani ne, mutane ido suke so. Ya ce to, ya tashi. A ce na ji maganar nan ranar, da abin da zan faɗa miki yanzu bai faru ba. Ki rage wa hoto nauyi kafin ki ɗora shi, kin fi ni sanin yadda ake yi. Bidiyo ki yanke shi gajere, kuma kar ki taɓa aje shi gaban abin da mutum ya zo nema. Manomin da za ki yi wa aiki da guminsa yake sayen abin da zai buɗe shafinki da shi. In wani cikinsu ya yi miki ƙorafi, ko a baki ko a ƙarƙashin rubutu, ki amsa mishi, kar ki yi dariya.

Shekarar da ta biyo baya damana ta yi jinkiri. Kin tuna ta, ita ce shekararki ta biyu a Maradi. Kudu da mu, wajen Mai Yara, an samu ruwan shibka, manoma sun shibka, sun fara cewa makiyaya su ja bisashensu su yi arewa. Arewa kuwa ba labari. Garkuna suka taru tsakanin nan da Bader Goula, shanu duk haƙarƙari a waje, ana lallaɓa su da dusa da ɗan karan da ya rage. Kowa tambaya ɗaya yake yi: an yi ruwa arewa? Mai shanu a irin wannan lokaci tafiya ɗaya gare shi. In ya tashi ya tarar da haki, ya tsira. In ya tashi bai tarar ba, shanun ba su da ƙafar dawowa. Na san wannan fiye da kowa a garin nan, ni na riƙa koya wa sababbin ma'aikata shi.

Wata safiya a tasha na ji wani direban kamyo, babbar motar kaya, na cewa an yi ruwa arewa wajen Tagriss, shi ma wani ya faɗa mishi. Ina da lambar mutum biyu a can waɗanda kira ɗaya ya isa su faɗa mini gaskiya. Ban kira ba. Tsoro nake kar wani ya riga ni sa labarin. Na dawo gida da sauri na rubuta, na ɗauki murya na ce an samu ruwa a yankin Tagriss. Sai na ga ba hoto, kuma na riga na sani labarin da ba hoto ba ya tafiya. Na shiga cikin wayata na tono wani da na ɗauka shekara uku kafin nan, a wata damana mai albarka: wani tabki a wannan yankin cike har baki, haki kore shar har gwiwa, ga wata babbar aduwa a gefe. Na ɗora shi sama, na rubuta, "Tagriss ta yi kore, tabki ya cika."

Ban rubuta yau na ɗauka ba. Da wannan na riƙa lallashin kaina. Amma ban rubuta tsohon hoto ne ba, kuma na san abin da duk mai ido zai ɗauka.

Ban taɓa ganin shiga irin ta ranar ba. Lambar na hawa ina kallo. Na bi innarki har madafa ina nuna mata. Ke ma kin kira ni daga Maradi da yamma, kika ce, Baba, shafinka ya yi farin jini, har ƴan ajinmu sun aiko mini. Na ce miki Alhamdu lillahi. Na ambaci sunan Allah a kan wannan.

Washegari da hantsi Buba ya kira. Iska na kaɗawa cikin wayar, na san bisa tudu yake.

Ya ce, "Dokotoro, na ji muryarka. Da idonka ka gani?"

Ga ƙofa Allah Ya buɗe mini. Kalma huɗu ta isa: a'a, ji na yi. Sai na ce mishi:

"Ba ka ga hoto ba?"

Ya ce, "Na gani. To, madalla. Gobe in sha Allahu mu tashi."

Ya kashe. Na zauna da wayar a hannu, na ce a raina ai direban ma ba zai yi ƙarya ba, kuma kafin su isa wani ruwan zai sauka. Na yi nufin sake kiransa. Na duba lambar shafin, na ga har yanzu hawa take, na ce bari zuwa anjima.

Uwata, duk hoton da za ki sa, ki rubuta ƙarƙashinsa inda aka ɗauka da lokacin da aka ɗauka, ko da kina ganin ba wanda zai damu. In ba ki da hoton abin, ki bar wurin fili, ko ki ce wannan na bara ne. In ji kika yi, ki ce ji na yi, daga bakin wane. Mutanenmu sun saba auna maganar baki, sun san mai ƙari da mai ragi. Hoto ne ba su saba tuhuma ba, suna ɗaukarsa kamar idonsu ne ya je ya dawo. Kuma ki sani, ana yin ƙarya ba tare da an furta kalmar ƙarya ko ɗaya ba. Ni haka na yi tawa.

Buba ya tashi da garkensa, gidaje biyu na danginsa suka bi shi saboda shi ma ba a san shi da gaggawa ba. Kwana huɗu suna tafiya da shanun da ko tsayuwa wuya take musu. Ruwan da direban ya ji labari yayyafi ne guda. Haki ya tsiro kamar gashin jariri, rana ta ƙone shi kafin su isa. Tabkin busasshe, ƙasa ta tsattsage. Rijiyar da ke kusa mai zurfi ce, ga layin garkunan da suka riga su.

Kwana shida bayan tashinsa ya kira ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce shanu na faɗuwa, in ina da allurar ƙarfi in taimaka. Na ɗaure magunguna da buhun dusa a bayan moto, ɗan babur ɗina, na tafi. Tun daga nesa na fara ganin ungulu. Na yi abin da zan iya, amma allura ba ta maganin yunwa. Shanu goma sha ɗaya ya rasa a wannan tafiya, cikin garken da bai kai talatin ba. Na danginsa ban ma tambaya ba, ban da ƙarfin ji.

Da a nan na tsaya, da wataƙila na iya faɗa miki wannan baki da baki. Abin da ke tafe shi ya sa na nemi takarda.

Akwai wata jar saniya mai dogon ƙaho, jikar wadda uwar Buba ta ba shi ranar sunansa. Ta kwanta ta kasa tashi. Muka ɗaga ta mu huɗu, ta sake zubewa. Buba ya durƙusa, ya ɗora kanta bisa cinyarsa yana shafa mata wuya yana kiran sunanta. Rawaninsa ya zame, fuskarsa ta fito, hawaye na zuba ba sauti. Sauran mazan duk suka juya baya, kamar yadda ya kamata. Ni kuwa na zaro waya. Na tsaya gefe inda ba zai gan ni ba, na ɗauka har ta daina motsi.

A hanyar dawowa na riƙa faɗa wa kaina don taimako zan sa, don manya a Yamai su ga halin da makiyaya ke ciki su aiko da abincin bisashe. Na sa shi da kan magana mai ban tausayi. Amma na san kaina. Ina ɗorawa, ba hanyar da motar taimako za ta ɓullo na zuba wa ido ba, lambar na zuba wa. Ta wuce ta hoton tabki nesa ba kusa ba. Mutane daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba suna rubuta Allah sarki. Buhu ɗaya na dusa bai zo ba.

Ruwa ya sauka sosai bayan mako biyu, waɗanda suka yi haƙuri suka tashi lafiya. Wata safiya ina zaure sai ga sallamar Buba. Na shimfiɗa mishi tabarma, ya zauna a ƙasa gefenta. Innarki ta aiko da fura, ya ce ya gode, bai taɓa ba. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi lafiyarki da karatunki. Sannan ya ce:

"Aduwar nan da ke cikin hotonka, iska ta kayar da ita bara waccan. Kututturen kawai ya rage. Tun ranar da na isa na gane."

Ashe lokacin da ya kira ni neman allura ya sani. Lokacin da muke ɗaga saniyar tare, kafaɗata na gugar tasa, ya sani.

Ya ce, "Ban zo don wannan ba. Shanu na Allah ne, Shi Ya ba ni, kuma ni na tashi da ƙafata, ba ka ja ni da igiya ba. Abin da ya kawo ni, surukina ya gan ni ina kuka. A bakin rijiya aka nuna mishi, samari sun kewaye waya suna kallo. Mutumin da shekara ashirin ban taɓa shan ruwa a gabansa ba. Matata ta gani. Ƴaƴana sun gani."

Na ce, "Buba, don a taimaka muku na sa."

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun shigowarsa. Ya ce, "Ka tambaye ni?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Labarin ruwa naka ne, ka faɗa yadda ka so. Hawayena fa, wa ya ba ka?"

Ya tashi ya yi sallama kamar kullum, ya tafi. Na zauna a zauren har azahar, furar na gabana ƙudaje na bi.

Kar ki ɗauki mutum hoto a ranar da ya faɗi, ɗiyata. In aikinki ya tilasta, ki tambaye shi, ki faɗa mishi a fili ina za a sa da su wa za su gani, har surukansa da maƙiyansa. In ya yi shiru, a'a ke nan. In ya ce to saboda yana jin nauyinki ko yana sa ran buhun iri daga ƙungiyarku, wannan ma ba yarda ba ce, ki duba fuskarsa. Za a ce miki hoton wahala shi ke taɓa zuciyar masu bayarwa. Wataƙila haka ne. Amma mai wahalar zai ci gaba da zama cikin mutanensa bayan ke kin koma biro. In wayarki ta fito aljihu a wurin da kowa ya kawar da kai, ki mayar da ita.

Ranar na cire bidiyon, na cire hoton. Na ɗauka shi ke nan. Bayan kwana uku na ga wani a tasha yana kallonsa a wayarsa, an kwafe an rarraba, har an ɗora mishi waƙa. Na roƙe shi ya goge, ya goge yana mamaki, amma wayoyi nawa zan bi? Na ji an ce har yanzu in damana ta yi jinkiri sai ya sake fitowa, a ce na bana ne. Abin da kika ɗora ya fita hannunki daga wannan minti. Ki yi tunaninki duka kafin ki danna.

Na so in yi shiru in ci gaba da sa farashin kasuwa kamar ba abin da ya faru. Innarki ce ta hana. Ta same ni ina ɗaukar murya, ta tsaya bakin ƙofa har na gama, ta ce:

"Malam, mutanen da suka ji ka ce an yi ruwa, sun ji ka ce ba a yi ba?"

Na ce ai na cire.

Ta ce, "A gaban jama'a ka faɗa. Cirewa kuwa kai kaɗai ka san ka yi."

Na yi fushi da ita yini guda. Washegari na ɗauki murya, da Hausa da Fillanci, na faɗi sunana, na ce hoton tsoho ne, na sani kuma na sa, ban bincika labarin ba, na ɗauki bawan Allah bidiyo ba da izninsa ba, duk wanda ke da shi ya goge don Allah. Sau biyar ina farawa kafin in kai ƙarshe. Waɗanda suka buɗe wannan ba su kai kashi ɗaya cikin goma na waɗanda suka kalli kukan Buba ba. Duk da haka ki yi, in kin yi kuskure. Ki gyara a wurin da kika ɓata, da girman baƙaƙen da kika ɓata da su, kuma tun ranar, kar ki jira sai an tura ki kamar ni.

Na bar muryar mako guda sannan na rufe shafin gaba ɗaya. Ba tuba ce ta sa ni ba, kar in ƙara miki wata ƙaryar. Na ga ko bayan wannan duka, hannuna na zuwa duba lambar da asuba. Na ji tsoron kaina. Ke lokacin kina cikin jarrabawa, na yi fatan ba ki gani ba. Ko kuwa kin gani, kika yi shiru kika bi ni wurin mai gilashi don ki rufa mini asiri? In haka ne, Allah Ya rufa naki duniya da lahira, kuma kunyata ta ninka.

Na sayi karsana na aika wa Buba. Ya dawo da ita da kansa, ya ɗaure a turken gidanmu, ya ce ya yafe tun tuni, amma in ya karɓa za a ce kukansa ya sayar. Yanzu rabin garken da yake kiwo na wani ɗan kasuwa ne. Yana aje raƙuminsa bayan gidanmu har gobe, muna gaisawa, yana shan ruwanmu. Sai dai bai ƙara tambayata ko an yi ruwa a wani wuri ba. Malam yake ce mini yanzu, kamar kowa a gari.

Ba na ce aikinki mugu ba ne. Na ga alherinsa da idona a shekarar farko, kuma kin fi ni ilimi da sanyin zuciya. Ki riƙa sa abu a kan lokaci, ranar da mutane suka san za su same shi. Ki yi musu magana da harshen da suke ciniki da shi. Ki sa muryar manomin da kansa in ya yarda, ya faɗi yadda ya yi gonarsa ta yi kyau, ki sa shi tsaye cikin hatsinsa da rigar da shi ya zaɓa. Masu shiga za su zo a hankali, wasu makonni ma ba za su zo ba. Ranar da kika ji ƙirjinki na bugawa saboda lamba, ki aje wayar ki fita ki yi alwala.

Cikin kayanki akwai kwalbar man shanu da innarki ta naɗe da tsumma. Ba ita ta saya ba. Ranar kasuwar da ta wuce Buba ya kawo, ya ce ya ji ƴar gidan za ta yi nisa, kuma an ce man birni ba ya ƙamshi. Ya tambaye ni wane aiki za ki yi, na faɗa mishi. Ya daɗe yana gyara igiyar raƙuminsa, sannan ya ce:

"Ita ma aikin hoto ne ke nan."

Na ce e.

Ya ce, "To, Malam, kai za ka faɗa mata, ko ni in faɗa mata?"

Na ce ni zan faɗa. Ga shi na faɗa. In kin karanta kika ji ba ki son jin muryata na ɗan lokaci, ki kira innarki kawai ki ce kin sauka lafiya, zan ji daga bakinta, ba zan yi fushi ba.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Ya tsare hannunki da idonki daga abin da zai cuci wani. Ya sa ki ci halal, ki kwana ba hakkin kowa a wuyanki. Ki gaida uwar ɗakin da za ki sauka wurinta, ki riƙe salla a kan lokaci. Allah Ya yi miki albarka, Uwata, Ya yafe wa ubanki.

Wassalamu alaikum.

Babanki,
Idi